DARASI: WA ZAI DUBA HAƘORANMU?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi muna so kowace ikilisiya ta gane abu biyu. Na ɗaya, ciwon baki da haƙori yana cin kuɗinmu da ƙarfinmu, wani lokaci har da ran 'ya'yanmu. Na biyu, ƙauyuka za su iya haɗa hannu su tura ɗansu ko 'yarsu makaranta, domin ya dawo ya zama mai kula da lafiyar bakin jama'a. A karanta darasin da ƙarfi a cikin ƙungiya, a tsaya a tattauna bayan kowane kashi.

Gabatarwa

'Yan'uwa, dukanmu mun san wannan abu. Ana tsakiyar noma, ciyawa ta taso, sai ga mutum zaune a gindin itace ya ɗaure kumatu da ƙyalle. Bai yi barci ba kwana uku. Bai iya cin tuwo ba, sai kunu. An ba shi ganye ya tauna, an sa masa garin taba a ramin haƙorin, wani ma ya ce a ɗiga masa ruwan batir. Ranar kasuwa aka kai shi wurin mai cire haƙori, aka fizge shi da filaya ɗin da aka yi wa mutum biyar aiki da ita tun safe. Haƙorin ya karye, saiwar ta saura a ciki, fuska ta ƙara kumbura. Sa'an nan ne aka sayar da akuya aka nemi mota zuwa babban asibiti.

Idan muka lissafa, mutumin nan ya yi hasarar mako biyu na aikin gona, da akuya, da haƙori. Ramin da ya jawo wannan duka ya fara ne ƙarami kamar ƙwayar gero, watanni da yawa kafin ya fara zafi. Da akwai wanda ya duba bakinsa a lokacin, da aikin rabin awa ya isa.

1. Me ya sa ba mu da mai dubawa?

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutane wajen biliyan 3.5 suna fama da wani ciwo na baki ko haƙori. Wato kusan rabin mutanen duniya ke nan. Ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba ita ce ta fi kowace cuta yawa.

Likitan haƙori yana ɗaukar shekara 6 a jami'a kafin ya gama. Jami'o'in da suka fara koyar da wannan aiki a Nijeriya duk a kudu suke: Legas, Ibadan, Ile-Ife da Binin. Sai daga baya aka sami irinsu a arewa, kamar a Maiduguri da Kano. Idan likitan ya gama, aikinsa yana bukatar kujera ta musamman, da lantarki, da ruwan famfo, da injin ɗaukar hoto. Waɗannan abubuwa a birni suke, don haka a birni yake zama. Wasu kuma suna barin ƙasar gaba ɗaya su tafi neman aiki a waje. Shi ya sa za mu iya ratsa ƙaramar hukuma guda, mu ga ɗakunan shan magani da yawa, amma ba mu ga mutum ɗaya da aka horar a kan haƙori ba.

Ya kamata mu ci gaba da roƙon gwamnati ta turo likitoci. Amma idan muka zauna jiran wannan kaɗai, yaran da ke firamare yau za su yi furfura ba su taɓa ganin mai duba bakinsu ba.

2. Ciwon baki yana kisa

Da yawanmu muna ɗauka ciwon haƙori wahala ce kawai wadda za ta wuce. Bari mu dubi abubuwa uku.

Ruɓaɓɓen haƙori yana iya tara mugunya a ƙarƙashinsa. Idan kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa da wuya, yana iya toshe hanyar numfashi. Wanda kumburinsa ya kai haka, ko ya kasa buɗe baki, ko ya kasa haɗiye yawu, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

Kayan cire haƙori da ba a dafa su yadda ya kamata ba suna ɗaukar jinin wani su kai bakin wani. Ta haka ciwon hanta da ƙanjamau suke iya yaɗuwa.

Na uku ya fi tsanani. Akwai cutar da likitoci suke kira noma. Sunan ya yi kama da noman gona, amma ba su da wata dangantaka. A wasu wurare ana ce da ita zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci, musamman bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da ƙaramin miki a dasashi, da zubar jini, da warin baki. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, naman ya yi baƙi, ya zube, ya bar rami a fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 suna kamuwa da ita kowace shekara, kuma har 9 cikin 10 suna iya mutuwa idan ba a yi musu magani ba. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba aikin maita ba ne. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, inda ake gyara fuskokin waɗanda suka rayu. Nijeriya ce ta jagoranci roƙon da ya sa a watan Disamba na 2023 aka sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su.

Abin lura a nan shi ne, a kwanakin farko ana tsayar da noma da abubuwa masu sauƙi: wanke baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da abinci mai gina jiki. Abin da ake rasawa shi ne mutumin da ke kusa, wanda zai buɗe bakin yaron ya gane abin da yake gani.

3. Wane ne ma'aikacin lafiyar baki?

Kamar yadda muke da ungozoma da jami'in lafiya na ƙauye waɗanda suke aiki a ƙarƙashin likita, haka ma akwai ma'aikacin lafiyar baki. An horar da shi ya yi waɗannan ayyuka:

• Ya duba baki ya gane ruɓa, da ciwon dasashi, da miki mai haɗari tun da wuri.
• Ya kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora kamar dutse, wanda yake sa dasashi jini har haƙora su fara girgiɗi.
• Ya koya wa yara a makaranta da mata a wurin awon ciki yadda za su kula da baki.
• Ya yi ƙananan ayyukan jinya daidai da abin da lasisinsa ya ba shi izini.
• Ya tura wa likita duk abin da ya fi ƙarfinsa, da takarda a hannu, kafin ya yi muni.

Wani zai ce, ai ba mu da lantarki. A tsakiyar shekarun 1980, a ƙasar Tanzaniya, aka fito da hanyar cike ramin haƙori ba tare da inji ba. Ana kwashe ruɓar da ƙananan kayan hannu, sa'an nan a cike ramin da wani irin siminti na haƙori da ake kwaɓawa nan take. Ana iya yin sa a ajin makaranta, yaro yana kwance a kan benci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya, kuma an yi amfani da ita a ƙasashe da yawa.

Ya kamata mu riƙe iyakar aikin. Wannan ma'aikaci ba ya maye gurbin likita. Amfaninsa shi ne ya rage yawan mutanen da za su kai ga bukatar likita, ya kuma sa waɗanda suke bukata su isa da wuri.

4. Abin da wasu suka yi

Wannan shawara ta daɗe a duniya. A 1913 wani likitan haƙori mai suna Alfred Fones ya buɗe makarantar farko ta masu tsabtace haƙori a garin Birijfot na Amurka. Ya ga cewa likita ɗaya ba zai iya gyara ruɓa ya kuma hana ta ba, sai ya horar da mata aka tura su makarantun yara. A 1921 ƙasar Niyu Zilan ta fara horar da 'yan mata na shekara biyu, tana tura su makarantun firamare har cikin karkara su kula da haƙoran yara.

Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Alaska, can arewacin Amurka. Ƙauyukan 'yan asalin wurin suna nesa ƙwarai, da yawansu ba hanyar mota, sai jirgin sama ko na ruwa. Likitan haƙori yakan leƙo na 'yan kwanaki ya tafi. A 2003 ƙungiyoyin lafiya na kabilun wurin suka zaɓi matasa daga cikin jama'arsu, suka biya musu kuɗin karatu na shekara biyu a Niyu Zilan, bisa alkawarin za su dawo su yi wa mutanensu aiki. Suka dawo, suka kama aiki a ƙarƙashin kulawar likitoci. Daga 2007 aka fara ba da horon a Alaska kanta.

Abin da za mu koya daga gare su shi ne, ba su ɗauko baƙo suka roƙe shi ya zauna ba. Ɗan gida suka tura. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe irin wannan shawara: ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi yiwuwa ya koma karkara ya yi aiki, saboda haka a riƙa ɗaukar irinsu a makarantun lafiya.

5. Ina ake karatun, kuma me za mu biya?

A Nijeriya, tsohuwar makarantar wannan aiki ta fara a Legas a shekarun 1950, aka mai da ita Inugu a 1982. Yau kwalejojin kimiyyar lafiya da yawa a jihohi suna koyar da shi. A takardun makaranta sunan kwas ɗin Dental Therapy. Bisa tsarin difloma, ana yin shekara 2 a sami ƙaramar difloma, a ƙara shekara 2 a sami babba. Ana neman kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. Akwai hukumar da dokar 1993 ta kafa, wadda ake kira DTRBN a taƙaice. Ita ce take yi wa waɗannan ma'aikata rajista ta ba su lasisi.

A nan sai mu yi hattara. Kafin a biya ko kwabo, kwamiti ya tura mutum biyu makarantar su ga shaidar cewa hukumar nan ta amince da kwas ɗin, haka ma hukumar NBTE mai kula da makarantun difloma. Wanda ya yi karatu a makarantar da ba a amince da ita ba zai dawo da takarda, amma ba zai sami lasisi ba. Kuɗin jama'a ya tafi ke nan.

Kuskuren da muka fi gani a ayyuka irin wannan shi ne a tara kuɗin shekarar farko da murna, a raka ɗalibi tasha, sa'an nan kowa ya manta. Shekara ta biyu ɗalibin ya dawo gida ba kuɗin rajista. Tun ran gini ran zane. Tun farko a raba lissafin kashi huɗu:

(a) Kuɗin makaranta da na jarrabawa, na dukan shekarun, tare da ƙari domin farashi yana hawa.
(b) Abinci, ɗakin kwana, littattafai, tufafin aiki da kuɗin mota.
(c) Kuɗin rajista da lasisi bayan an gama, da kayan aiki na farko: madubin baki, kayan kankara, safar hannu, tocila, da tukunyar dafa kayan aiki mai murfin matsi, wadda za a iya ɗorawa a kan murhu.
(d) Abin da zai ci idan ya dawo.

Kashi na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne yake kai ma'aikata birni. Ba wanda zai zauna da yunwa saboda alkawari. Don haka tun ɗalibin yana makaranta, dattawa su je wurin shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko wurin masu kula da asibitin mishan mafi kusa, su nemi a tanada masa gurbi da ɗaki ɗaya na aiki. A kuma yi shawara a kan ɗan abin da masu zuwa za su riƙa biya, domin a sake sayen kayan da suka ƙare, tare da tanadi saboda gwauraye da marayu.

6. Daga ina kuɗin zai fito?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikilisiya ɗaya ta ƙauye da wuya ta ɗauki wannan nauyi, amma ma'aikaci ɗaya zai iya zagaya ƙauyuka biyar ko shida. To, ƙauyukan nan su haɗu su biya.

Bari mu yi misali. A ce ikilisiyoyi 5 ne, kowace tana da gidaje 60. Gidaje 300 ke nan. Idan kowane gida ya ba da mudu 2 na hatsi a lokacin kaka, an sami mudu 600 a shekara. Idan aka ajiye shi da kyau aka sayar da damina, lokacin da farashi ya tashi, kuɗin zai fi na ranar kaka. Ku lissafa da farashin kasuwarku ku ga inda zai kai. Ana iya ƙarawa da gonar haɗin kai wadda matasa za su nome, da akuyoyin da zumuntar mata za ta kiwata, da gudummawar 'ya'yanmu da ke aiki a birane. Wasu jihohi da ƙananan hukumomi suna ba ɗalibai tallafin karatu, sai a nema. Iyayen ɗalibin ma su ɗauki wani kashi, ko da abinci ne, domin abin da mutum ya sa hannunsa a ciki ya fi kula da shi.

Maƙwabtanmu Musulmi da masu bin al'ada suna fama da ciwon haƙori kamar mu, kuma ma'aikacin zai duba kowa. Yana da kyau a gayyaci mai unguwa da dagaci da shugabanninsu tun daga taron farko, su ma su sa hannu.

Kuɗin jama'a yana son haske. A buɗe asusu a banki da sunan aikin, mutum uku su sa hannu, a cikinsu har da mace. A biya makaranta kai tsaye, a karɓi rasit. Kowane wata uku a karanta lissafi a gaban taro.

7. Wa za mu tura?

A nan ne zumunci yakan lalace idan ba a yi hankali ba. Kada a ce sai ɗan fasto, ko ɗan dattijon da ya fi ba da baiko. A rubuta sharuɗɗan kafin a ambaci sunan kowa: yana da kiredit ɗin da ake nema, yana jin harshen jama'a, an san shi da haƙuri da yara da tsofaffi, ba ya ƙyamar jini, kuma an ga yana son zaman gida. Kada a manta da 'yan mata da matan aure. Mace da ta riga ta kafa gida a ƙauye ba ta cika tashi ba, kuma mata sun fi sakin jiki da ita.

A rubuta yarjejeniya. Jama'a su yi alkawarin biya har ƙarshe. Ɗalibi ya yi alkawarin yin aiki a yankin na wasu shekaru, misali daidai da shekarun da aka biya masa, ban da lokacin da doka ta ce ya yi aikin gwaji ko bautar ƙasa. A faɗi abin da zai mayar idan ya fasa. Iyaye, da shugaban ikilisiya, da dagaci su sa hannu a matsayin shaidu. Idan ya cika shekarunsa ya so ya ƙara karatu, mu sallame shi da albarka. Shi ya sa yake da kyau a tura na biyu kafin na farko ya gama wa'adinsa.

8. Kafin ya dawo

Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. Ga abin da kowane gida zai fara yau:

• A goge haƙora sau biyu a rana, musamman kafin barci, da buroshi da man goge baki mai fuloraid. Inda babu, asuwaki yana aiki idan an bi kowane haƙori ciki da waje.
• A rage alewa, biskit, lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa. Yawan ci a kai a kai ya fi ɓata haƙori fiye da ci sau ɗaya tare da abinci.
• Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Wajen shekara 6 manyan haƙoran tauna na dindindin suna fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna zaton na nono ne, su bar su su ruɓe. Waɗannan ba su da madadi.
• Zawo da zazzaɓi mai zafi a jariri, kada a ce fitar haƙori ce a zauna. A kai shi asibiti.
• A yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda. Uwa ta riƙa buɗe bakin yaron da ya rame ko ya tashi daga ciwo, ta duba dasashinsa.
• A wurare kamar Langtang da Kaltungo, ruwan wasu rijiyoyi yana da fuloraid fiye da kima, yana sa haƙora su yi ja ko ruwan ƙasa. Wannan ba ƙazanta ba ce, kada a yi wa yaran dariya, kada kuma a kankare haƙoran da toka ko yashi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin shekarar da ta wuce, mutum nawa a ƙungiyarmu suka rasa ranar aiki saboda ciwon haƙori? Nawa suka kashe?
2. Ina ne wuri mafi kusa da za a sami wanda aka horar a kan haƙori? Nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa?
3. Waɗanne magungunan gida muke sa wa haƙori? Wanne ne a cikinsu yake cutarwa?
4. Mun taɓa tura wani karatu da kuɗin jama'a? Ya dawo? Idan bai dawo ba, mene ne namu laifin?
5. Waɗanne ƙauyuka ne za mu iya haɗa kai da su?

Abin yi a wannan wata

A zaɓi mutum uku. Na farko ya rubuta sunayen matasan yankinmu da suke da kiredit 5 na kimiyya. Na biyu ya je kwalejin kimiyyar lafiya mafi kusa ya kawo takardar kuɗin makaranta da shaidar amincewar hukuma. Na uku ya kai wa ikilisiyoyin maƙwabta da dagaci wannan darasi. Su kawo rahoto a taro mai zuwa, domin a yanke shawara kafin hatsi ya shiga rumbu.